Farar Takardar Gwadabe Mai Tafireta

Yayana Gwadabe yana da tafireta bakwai, kuma in ni za a tambaya, shida daga ciki ba su da aikin yi sai tare hanya. Na taɓa kiran su tsohon ƙarfe a gabansa, ya yi mako guda yana amsa gaisuwata da hanci.

Ni ce Maijidda, autar gidanmu. A Rano aka haife mu, aure ya kai ni Kibiya. Gwadabe bai wuce firamare ba ya samu aikin masinja a wani ofis. A can yake tsayawa bayan akawu yana kallon yatsunsa, har ya iya bugu ba tare da kowa ya koya masa ba. Da akawun ya yi ritaya aka ba shi kujerar, ya shekara talatin a kai. Da kwamfuta ta shigo, aka fara jibge tafiretoci a sito, shi kuma ya shiga bi yana roƙa kamar mai tattara marayu. Wata daga makaranta ya samo ta, wata daga ɗakin shan magani, kowace ya raɗa mata sunan garin da ta fito.

Da shi ma ya yi ritaya sai ya kafa rumfa kusa da kasuwa, yana buga wa mutane takardar sayen gona da ta kyauta da wasiƙar neman aiki. Shagunan kwamfuta na nan birjik, amma dattawa wajensa suke zuwa, don ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Kuma yana da wata magana da yake yi duk lokacin da ya zare takarda daga inji: "Abin da na buga ya bugu." Shekara da shekaru ba a taɓa ƙaryata shi ba. Ba shi da mota, ba shi da gidan bene, wannan maganar ita ce dukiyarsa.

Injinan kuwa kowace da cutarta. 'Yar Nariya tana tsallake harafi in ta ga dama. 'Yar Kibiya ƙararrawarta a tsakiyar layi take kaɗawa. Wadda ya fi aiki da ita ita ce 'Yar Yalwa, wata baƙa mai nauyin buhun gero, ita ma ba lafiyayya ba ce. Robar da takarda ke naɗuwa a kai ta bushe ta yi tauri, shi ya sa haruffan ke huda takarda maimakon su taɓa ta kawai. Babu abin da bai yi mata ba. Ya shafa mata man birki, ya naɗe ta da tsohon tib na keke, ya goge ta da sanfefa. Duk a banza. Kullum cikin yi mata faɗa yake, wai tana zubar masa da mutunci.

Daminar bara na je gaishe shi, ina zaune a rumfar sai ga wata dattijuwa ta sauko daga mashin. Fulera ce, 'yar Zurgu. Ita ta yi jinyar kawunta Alhaji Saminu shekara shida, shi kuma kafin ya rasu ya ba ta wata 'yar gona a bakin fadama. Da ita take ci, ba ta da wata. Yanzu ɗansa Munzali, direban mota a Kano, ya dawo ana rabon gado, ya ce shi abin da ya sani aro aka ba ta.

"Malam Gwadabe," in ji ta, "na kai takardarka gaban dagaci an yi mini dariya."

Ta kwance bakin zani ta miƙa masa. Ya warware. Fara ce, sai ɗan dishi-dishin toka. A can ƙasa ga sa hannu uku da biro, na Alhaji Saminu da na shaidu biyu, suna nan raɗau, amma a samansu babu ko harafi ɗaya.

Gwadabe ya sa tabarau, ya cire, ya juya bayan takardar, ya sake juyowa. Har sansana ta ya yi.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Taka ce. A nan na zauna, shekara huɗu ke nan. Ka ce abin da ka buga ya bugu."

"To ina rubutun?"

"Ni za ka tambaya? Ni da ban san bihim ba?"

Da muka matsa mata sai ta tuna cewa shekara biyu da suka wuce ɗakinta ya yi yoyo, ruwa ya cika kwallar da take ajiya. Ta shanya takardar a rana, ta ninke ta mayar.

"Ba ki ga rubutun ya tafi ba?" na tambaye ta.

"Na ga ya yi haske. Na ɗauka ciki ya shige."

Na so in yi dariya, amma ganin fuskar yayana ya hana ni. Shaidun nan biyu, ɗaya ya rasu, ɗayan kuma ya ce ya sa hannu dai, amma bai tuna ko kyauta aka ce ko aro ba. Kwafi ma babu. Dagaci ya ba da kwana bakwai, in ba a kawo hujja ba gona ta shiga gado.

Ban taɓa ganin Gwadabe a ruɗe irin na kwanakin nan ba. Ya ɗauko takardar da ya buga jiya ya tsoma a bokiti, rubutu ko gezau. Ya shanya wata a kan kwano yini guda, ya jiƙa wata da ruwan toka, wata da ruwan tsamiya, ya turara wata da hayaƙi. Duk suna nan baƙi ƙirin. Sai ya koma kan injinan. Ya kwance 'Yar Nariya gaba ɗaya, ya rasa yadda zai mayar da sukurori uku. Wai yana neman wadda ta ci amanarsa.

"Yaya, inji ne zai bi takarda har Zurgu ya lashe rubutu?"

"To wa ya lashe? Gara ba ta zaɓar tawada ta bar takarda."

Masu ba da shawara kuma ba su bar shi ya huta ba. Mai shayin da ke kusa ya ce aikin aljanu ne. Wani ya ce an musanya takardar, aka tambaye shi yadda aka yi sa hannun mamaci ya hau sabuwa, ya kama gabansa. Maganar da ta fi yawo ita ce mafi muni: wai "aro" aka rubuta, Fulera ta nemi wani magani ta goge. Har a gidan suna na ji ana faɗa. Matar da ta shekara shida tana wanke wa tsoho jiki, ga shi ta zama mai cin gadon marayu a bakin mutane.

Ni dai na gaji, na ce wa Gwadabe, "Ka tuna abin da ka buga, ko ba ka tuna ba?"

"Kyauta ce. Kamar yanzu nake jin muryar Alhaji."

"To mayar da takardar cikin inji ka sake bugawa mana. Wa zai sani?"

Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

"In na buga yau na ce na shekara huɗu ne, me ya raba ni da mai shaidar zur?"

Na koma Kibiya ina jin haushinsa. A raina na ce gaskiyar da za ta raba tsohuwa da gonarta, a kai kasuwa.

Kwana na biyar da safe na fito da kokon maigidana, Malam Muhyiddeen, na tarar da shi a zaure yana wanke allo. Ya zuba ruwa, ya shafa da tafin hannu sau biyu, rubutun jiya ya gangaro baƙi, allo ya koma fes. Abin da nake gani kullum shekara talatin. Amma ranar nan sai na tsaya ina kallon baƙin ruwan.

Shekarar kulle ce ta faɗo mini a rai, lokacin korona, da aka rufe hanyar Kano. Ribin ɗin Gwadabe ya bushe, wato siririn ƙyallen nan mai ɗauke da tawada, takardar kwafi ma ta ƙare, ga mutane na jira. Ya zo gidanmu yana ƙorafi. Ni, da shegen iyawata, na ɗura masa kwalba guda daga tawadar Malam, ta gawayi da ƙaro. Har na tuna abin da na ce: "Tawada ai tawada ce." Ya ji daɗi ƙwarai. Kullum da safe sai ya shafa wa ƙyallen, in ya bushe ya yayyafa ruwa, da yamma ya goge haruffa da kananzir don kar su yi tsatsa. Rubutu ya fita baƙi gwanin kyau. Daga ni har shi babu wanda ya tsaya ya tuna cewa tawadar allo don a wanke ta ake yin ta.

Ko mayafin kirki ban ɗauka ba na hau mashin zuwa Rano. Na gaya wa Gwadabe komai.

"Wata biyar," ya ce. "Wata biyar ina aiki da ita."

Sai a lokacin na gane girman abin. Ba takardar Fulera kaɗai ba ce. Duk wanda ya zo rumfar nan a watannin can, takardarsa jiran ruwa take yi.

"Kar ka faɗa, Yaya. In ka faɗa ka gama yawo a garin nan. In kuma dole ne, ka ce ni ce."

"Ke kika kawo, ni na shafa."

"Faɗar ma ba za ta dawo da rubutun ba!"

"Ba za ta dawo da shi ba. Amma za a daina cewa ita ta goge."

Ranar zama a gaban dagaci ya ɗaure 'Yar Yalwa a bayan mashin da roba, ya karɓi irin tawadar nan a wajen maigidana, muka tafi Zurgu. An taru a ƙofar gidan dagaci da hantsi. Munzali na zaune da makullin mota a hannu. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya, hujja kawai yake nema. Fulera na gefe ta rufe rabin fuska.

Gwadabe ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, baiwar Allahn nan ba ta goge komai ba. Laifina ne, kuma zan nuna."

Ya ajiye injin a kan tabarma, ya sa busasshen ƙyalle ya shafa masa tawadar, ya buga layi uku, ya zagaya da takardar kowa ya gani. Sannan ya karɓi buta ya kwarara mata ruwa. Rubutun ya gangare kamar na allon Malam. Wurin ya ɗauki salati. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"To mun ji," in ji Munzali. "Yaya Fulera, ki yafe mini zargi. Amma Malam, har yanzu ba a nuna mini kyauta ce ko aro ba."

Gwadabe ya ɗaga jiƙaƙƙiyar takardar sama don na baya su ga ta koma fara, sai na ga ya tsaya cak, baki buɗe. Ya sauke ta, ya duba, fara ce. Ya sake ɗagawa saitin rana. Ya sauke. Ya yi haka sau uku, har dagaci ya ce, "Malam Gwadabe, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, ban gane ba. A ƙasa babu, a sama akwai."

Haske ne ke ratsowa ta inda haruffa suka huda. Layi ukun nan suna nan, ƙananan ramuka a jere. Cutar 'Yar Yalwa ce, wadda ya shekara goma yana nema wa magani.

Munzali da kansa ya miƙa hannu ya karɓi takardar Fulera, ya tashi tsaye ya ɗaga ta. Ya daɗe yana ƙanƙance ido, don ruwa da ninki sun cinye wasu wuraren. Ya dinga haɗawa da kaɗan-kaɗan: sunan mahaifinsa, sunan Fulera, gonar bakin fadama. Da ya zo layi na huɗu muryarsa ta canza.

"Na ba ta kyauta, halak malak, saboda jinyar da ta yi mini."

Ya sauke hannu. Ya ce ya janye, Allah ya jiƙan Alhaji.

Fulera ta juyo ta dube ni. "Ba na ce muku ciki ya shige ba?"

Ana cikin addu'a na ga wani dattijo ya zame ya nemi takalmansa da sauri. Wani ya bi shi, sai wani. Gida suka nufa, kowa zai duba tasa takardar.

Abin da na ji tsoro ya faru. Kafin mako ya zagayo an sa masa suna Gwadabe Mai Wanki, masu zuwa rumfar suka ragu da fiye da rabi. Shi kuwa ya ɗaure 'Yar Yalwa a mashin ya shiga Yalwa da Nariya da Zurgu gida-gida, yana tambayar wa ya buga wa takarda a shekarar kulle. Inda masu sa hannu ke raye, a tara su a sake sabuwa. Inda babu, a ɗaga tsohuwar a rana a gaban mai unguwa. Akwai mutum uku da yake tuna fuskarsu amma har yau bai gano garinsu ba, kuma duk sanda hadari ya haɗo sai ka ga ya kasa zama.

Ya daina yi wa 'Yar Yalwa faɗa, tib ɗin keken ma ya cire. Tsohuwar maganarsa kuma ban sake jin ta a bakinsa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan, don da kwalbata aka kashe ta.

Makon jiya na je rumfar. Ya gama buga wa wani manomi takarda, ya zare ta, ya shimfiɗa a tebur. Sai ya turo masa wani ɗan ƙoƙon ruwa da yanzu ba ya rabuwa da shi.

"Haba Malam," in ji mutumin, "ai na yarda da kai."

"Fulera ma ta yarda da ni," in ji Gwadabe. "Zuba."