Butocin da Malam Yohanna Ya Cika

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar da muka je yi wa Malam Yohanna gaisuwa muka tarar ana naɗe tabarmi. Ku da kuka shigo aikin koyarwa yanzu kuna yawan tambayata abin da ya fi ba ni kunya a shekarun da na yi ina riƙe da alli. To, ba ɗalibi ne ya ba ni ita ba, ba kuma sufeto ba. Mu malamai ne muka taru muka jawo wa kanmu.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da arzikin man fetur ya ɓarke. Ina mataimakin shugaba a wata sakandaren kwana ta maza a nan Katsina. Mataimaki iri biyu ne, akwai na karatu, akwai na harkokin ma'aikata. Ni ne na biyun, wato hutu da gidajen malamai da motar makaranta duk suna hannuna. Makarantu na ta buɗewa, malamai ba su isa ba, sai gwamnati ta shiga ɗauko su daga ko'ina. Cikin waɗanda muka samu har da Malam Isuhu, mutumin Maraɗi. Falsafa ya karanto a Faransa, amma da yake babu ita cikin darussanmu sai aka ba shi Faransanci ya koyar.

Abin da aka hana shi koya wa yara, mu ya riƙa juye wa lokacin shayin ƙarfe goma. Yakan ce masanan Faransa na farko sun yi ta faɗa a kan cewa kowa daidai yake a gaban doka, ɗan sarki da ɗan talaka, a ba kowa haƙƙinsa. Daga baya wasu daga cikinsu suka ce wannan bai isa ba, domin mutum ba ya sanin matsayinsa sai a idon mutanen da yake zaune da su. Kana iya ba mutum haƙƙinsa cif, amma ka zalunce shi ta hanyar nuna masa ba ka gan shi ba. Mu kuwa mun samu abin tsokana. Muka laƙaba masa suna Ɗan Faransa, muna tambayarsa ko da wannan adalcin ne iyayen gidan nasa suka sa kakanninsa aikin dole. Ba ya fushi. Yakan ce ai shi ma a can ya gane maganar, don babu abin da aka taɓa tauye masa a makaranta, amma matar da yake haya a gidanta ba ta taɓa amsa gaisuwarsa ba.

Ni na fi kowa baki a wannan gardama. Ina da girman kai irin na ɗan cikin birni, nakan ce masa Bakatsine ba ya bukatar Bature ya koya masa mutunci, da shi aka haife mu.

Malam Yohanna shi ne malamin lissafi. Kirista ne daga kudancin Zariya, ya kuma riga yawancinmu zuwa makarantar. Yana haya a Ƙofar Kaura da matarsa Saratu, mai ɗinki. Ba a suna ko ɗaurin aure ko zaman makoki a gidan wani malami ba tare da an gan shi ba. Yakan zauna a gefen tabarma, in mun ɗaga hannu muna addu'a shi kuma ya sunkuyar da kai. Da mahaifina ya rasu a Ƙofar Durbi, kullum sai ya zo har aka tashi makoki, Saratu kuma tana aiko da abinci.

Al'adar makarantar a lokacin ita ce, in aka yi wa malami rasuwa, ni zan sanar a wajen shayi. Bayan an tashi karatu sai mu cika sabuwar bas ɗin da aka sayo mana, shugaba a gaba, mu je gaisuwa gaba ɗaya. Ba a rubuce take ba, amma ba a taɓa fasa ta ba.

Sai ga shi Saratu ta kwanta 'yar gajeriyar rashin lafiya ta rasu. Na sanar kamar yadda na saba, kowa ya girgiza. Da aka zo maganar tafiya sai kowa ya juya ga shugaba. Shugabanmu dattijo ne mai kirki, ya dube mu ya ce, "To in mun tahi, mi za mu ce?" Nan fa kowa ya kawo tasa. Wani ya ce ai Kirista a coci suke makokinsu, ba a ƙofar gida ba. Wani ya ce za mu tarar ana waƙe-waƙe, mu takura su su takura mu. Wani ya ce addu'ar da muka saba yi ba ta dace da wurin ba, zuwa kuma a zauna shiru ya fi rashin zuwa muni. Babu wanda ya faɗi haka da ƙiyayya, kuma babu wanda ya taɓa zuwa makokin Kirista balle ya san gaskiyar abin da yake faɗa.

Aka tsayar da shawara a yi masa duk abin da aiki ya tanada, har da ƙari. Na ba shi hutu fiye da yadda aka saba. Na tura babbar motar makaranta ta ɗauki gawa zuwa maƙabartarsu. Muka raba azuzuwansa a tsakaninmu. Malam Isuhu ne kaɗai ya tambaya ƙarfe nawa bas za ta tashi. Na ce masa an riga an gama wannan magana. Ya kurɓe shayinsa ya fita. Ni kuwa na koma ofis ina jin mun yi abin a yaba mana.

Bayan 'yan kwanaki muka lura Ɗan Faransa ya daina surutu. Wani ya tsokane shi ko falsafar ce ta ƙare. Sai ya aje kofinsa ya ce shi dai kullum in an tashi yakan hau babur ya je Ƙofar Kaura. Ya ce tun ranar farko Malam Yohanna ya ari tabarmi a wurin maƙwabta ya shimfiɗa a ƙofar gida, daban da kujerun da mutanen cocinsu ke zama. Ya sayo butoci ya cika su da ruwa, ya share wani wuri a gefe yana duban gabas. Da danginsa suka tambaye shi na wane ne, sai ya ce na abokan aikinsa ne, da yamma suke zuwa, kuma la'asar za ta same su a nan.

"Ni ɗai nika zama bisa tabarmin nan," in ji Malam Isuhu. "In mota ta wuce sai in ga ya ɗaga kai."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ji na yi kamar an tuɓe mini riga a tsakiyar kasuwa. Shugaba ya ce yau ɗin nan ana tashi karatu a fito da bas.

Mun isa ana naɗe tabarmin za a mayar wa masu su. Da Malam Yohanna ya gan mu sai ya sa aka sake shimfiɗawa. Muka zauna kowa na kallon ƙafarsa. Can shugaba ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Yohanna, ya haƙuri?" Ya amsa, "Da godiya, ranka ya daɗe." Shi ke nan fa. Abin da muka zauna muna taro a kan ba mu san yadda za mu faɗa ba, ashe shi ne abin da muke faɗa a kowane gidan rasuwa. Ya yi godiyar mota, ya yi godiyar hutu, ya ce makaranta ta yi masa duk abin da ya kamata. Da aka kira la'asar ya tashi da kansa ya sake cika butocin, don ya riga ya zubar da ruwan da safe. Da ruwan nan na yi alwala, ina jin nauyinsa a fuskata.

Ƙarshen zangon karatun ya nemi a mayar da shi wata makaranta kusa da garinsu. Irin wannan buƙata ta hannuna take bi, don haka na kira shi ofis na roƙe shi ya zauna. Na ce masa kuskure ne, ba raini ba ne. Ya ce ya sani, kuma bai riƙe kowa a zuciya ba.

"Malam Lawal, da can ina ɗauka ni ɗan gida ne da yake zuwa coci," ya ce. "Yanzu na gane ni ma'aikaci ne. Gara in je inda in na mutu ba sai an yi taro ba kafin a zo."

 Na sa masa hannu a takardar canjin makaranta, ya tafi, muka kuma daɗe ba mu sami malamin lissafi kamarsa ba.

Malam Isuhu bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, ni ma ban ƙara kiransa Ɗan Faransa ba. Abin da na koya shi ne, a aikinmu mun iya raba haƙƙi, don shi a rubuce yake, kuma mai duba mu yana iya kama mu in mun tauye. Ganin mutum kuwa babu sufeton da zai zo ya duba, shi ya sa mutanen kirki ma suke iya fasa shi su koma gida su yi barci. Ku da za ku riƙe makarantu gobe, za ku yi aiki da mutanen da ba addininku ɗaya ba, ba garinku ɗaya ba. In aka yi wa ɗayansu rasuwa, kada ku zauna kuna shawarar abin da za ku ce. Ku tashi ku je tun ranar farko, domin wataƙila ya riga ya cika muku buta yana jira.