Ɗankwali a Ƙotar Garmar Yaya

Jiya jikata ta cusa mini waya a hanci. "Tsoho, ga jarumina!" Wani ɗan fim ne, hannu sumul, bai taɓa gaisawa da garma ba.

Sai Yaya ya faɗo mini a rai. A zamaninmu a Ƙarfi, jarumi shi ne wanda ya riga kowa fita ƙarshen gona ranar gayya, budurwa ta ɗaura masa ɗankwali a ƙota. Damina uku ina haki a bayansa saboda yarinya guda. Da ta kwance nata, garmarsa ta nufa. Ya waiwayo, gumi na ɗiga daga haɓarsa: "Ƙanena, huta, baɗi naka ne."

Har gwiwoyina suka mutu baɗin bai iso ba. Allah ya sanyaya makwancinsa, na yafe masa. Ita kuwa, ina shawara tukuna.