Kujerar da na kawo wa Baba tsaraba

Da na ce zan yi hutuna a ƙasar Girka, Baba ya tambaye ni wa muke da shi a can. Na ce ba kowa, zane zan je yi. Ya ce, "To, Allah ya tsare," da muryar da ake sallamar wanda ba ya jin magana. Tun da ya dawo wurina a garin Germantown, inda nake aiki, bayan rasuwar Inna yake ganin fentina a kan teburin cin abinci, bai taɓa tambaya ba. A wurinsa ni ma'aikaciyar jinya ce, sauran duk wasan yara. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Na san Baba ba ya rataya hoton mai rai a inda yake salla. Saboda haka duk tsibirin da na sauka, bango nake zanawa da ƙofofi da kwale-kwale. A kufan tsohon wurin bautarsu ma ginshiƙai na ɗauka, na bar musu gumakansu.

A wani ƙauye na tsibirin Naxos na zauna gaban wani farin gida mai shuɗiyar ƙofa, na fara zana shi. Tsohuwar gidan ta gan ni, ta shiga ta sauya ɗankwali, ta fito da kujera, ta tuɓe takalmi, ta zauna ta ɗaga haɓa. Har rana ta take ba ta motsa ba. Da na gama ta zo ta duba. Ga ƙofa, ga tukunyar fure, ga kujera, babu ita. Ta nuna ƙirjinta, ta nuna takardar. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba na jin yarenta, balle in yi mata bayanin Baba. Washegari na koma na zana ta har da ɗankwalin, na ba ta, ta sallame ni da ɓaure cike da leda.

Zanen kujerar na kawo wa Baba tsaraba, ba turare ba hula. Yayana ya ce na cika ƙarfin hali.

Baba ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ina matar gidan ta je?"

"Wace mata, Baba?"

"Mai kujerar. Ga takalminta a ƙasa, ba ta yi nisa ba. Haka innarki take barin nata."

Ni kuwa na zana takalmin ne kawai saboda ba shi da rai.

Ya sa yayana ya kafa ƙusa a ɗakinsa, gefen da yake juyawa in ya sallame salla. Ranar Salla abokansa suka zo daga garin Laurel gaishe shi. Ina kicin, ludayi a hannu, na tsaya cak da na ji muryarsa.

"Ku shigo ku gani. Ba saye aka yi ba, hannun 'yata ne."