Kawu Haladu, Hannun A'i Ya Kai Kunne

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Laraba, goma ga watan Agusta, 1977, saura kwana kaɗan a ɗauki azumi, Allah ya karɓi ran kawuna, Malam Haladu na bakin tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa. Ya cika da hantsi, bayan jinyar kwana tara da ciwon ƙirji. Ni Rabi ce, 'yar ƙanwarsa. Karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, don haka wanda ya ga gyara a rubutun nan ya yi mini afuwa. Na ga in ban faɗi abin da na sani game da shi ba, babu mai faɗa.

Kawu, mutane sun san ka da tuta ja da kore. Shekara talatin kana canza wa jirgi hanya, ba a taɓa jin an yi ɓarna a hannunka ba. A wajen zaman makoki kowa wannan yake ambata. Ni kuwa abin da nake tunawa shi ne ranar da mijina ya rasu, ka zo da amalanke ka kwashe ni da 'yata A'i, ka ce, “Gidan uwarki ne, ba sai an yi miki izini ba.”

A shekarar farin nan ƙyanda ta kama A'i. Ta tashi, amma jikinta bai ƙara yin gaba kamar na sa'o'inta ba. Mukan shimfiɗa mata tabarma a zaurenka, inda take hango dogo. Wata rana jirgin kaya yana wucewa sai ta ce, “Kaka, wancan taragon shi ya tafi da shanu ran Talata, yau ga shi da buhuna.” Ka ce taragai ai duk kamarsu ɗaya. Ta ce a'a, kowanne da zanensa a jiki. Ta sa yatsa a ƙasa ta zana lambobi biyar, ba wanda ya taɓa koya mata. Ka tashi ba ko takalmi, ka bi jirgin har inda ya tsaya shan ruwa. Ka tarar lambobin daidai suke, ka dawo ka zauna kana kallonta.

Da lokacin ɗaukar yara ya yi, kai da kanka ka kai ta makaranta. Masu ɗauka ba su da takardar haihuwar kowa, sai su ce yaro ya ɗora hannunsa na dama ta saman kai ya kamo kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai, ya isa shiga. Na A'i bai kai ba. Ka ce su ba ta allo su gani, suka ce doka ce, a dawo baɗi. Baɗin ma haka aka yi. Ta dawo tana kuka tana jan hannunta kamar za ta tsinke shi. A ranar ka share tsakar zaure, ka zubo yashi mai laushi, ka ce, “Tunda sun ce hannu suke so, mu kai muke so. Malama Ƙarama, zauna.”

Haka makarantarku ta fara, ɗaliba ɗaya, malami ɗaya. Da sassafe allo da tawada, in rana ta ɗaga sai boko. Littattafanku su ne tsohuwar takardar lokutan jirgi, da jaridun da aka ƙunso ƙosai a ciki, da wani ƙamus da ya rasa bangonsa. Kai ma aji huɗu ka yi a elementare, ba ka taɓa ɓoye mata ba. Ina daka a cikin gida ina jin ku kuna gardama. Takan ce, “Kaka, ka yi kuskure.” Kai kuma ka ce, “Yarinyar da ko kunnenta ba ta iya kamawa ita ce za ta gyara mini lissafi?” Can sai in ji dariyarka, na san ita ce da gaskiya.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Ta tambaye ka me ya sa kukan jirgi yake siriri in yana tahowa, amma da zarar ya wuce sai ya yi kauri. Ka ce ba haka ba ne. Kuka fita tare kuka jira jirgin Nguru. Da ya wuce na ga ka cire hula kana sosa kai. Ka ce, “Shekara talatin ina tsaye a nan, ban taɓa lura ba. Ban san dalili ba, A'i. Amma akwai wanda ya sani.” Ka sa ta rubuta tambayar da hannunta, ka ba Cindo, tsohon abokin aikinka da ke bin jirgi, ya kai wa wani malamin kwaleji da ka sani a Kano. Bayan mako biyu amsa ta dawo, shafi biyu har da zane. Tun daga nan duk tambayar da ta fi ƙarfinka sai ta hau jirgi. Ranar da Cindo zai wuce, tun safe kuke bakin dogo, kai da sandarka, ita da ɗan kallabinta, kamar masu jiran dawowar alhazai.

Mata sun sha ce mini in raba ta da kai, wai karatu zai taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ni ma na tsorata, na zo na same ka. Ka ce, “Rabi, in yaro yana jin yunwa abinci ake ba shi. Wannan ma yunwa ce.”

Bara da aka ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, an sake gwada ta, hannun bai kai ba. Na yi baƙin ciki. Sai a farkon daminar nan, ina yi mata kitso, na ce ta riƙe mini wani gashi. Ba ta yi tunani ba ta miƙa hannu ta saman kai, har ya wuce kunnen. Na saki matsefi. Ashe kafaɗarta take ƙanƙamewa in an zo gwaji, don kada a raba ta da zaurenka. Na zo da fushi na gaya maka. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce tun bara ka sani. Daga baya ka ce, “Laifina ne. Ni ma ban so ta tafi ba. Na ci mata shekara guda don son raina, Allah ya yafe mini.” Ban taɓa ganin hawayenka ba sai ran nan.

A makon ka rubuta wa malamin nan na Kano wasiƙa da kanka, ba ka bari ta gani ba, ka ba Cindo. Kafin amsa ta zo ka kwanta.

Tun da aka fita da kai A'i ta daina magana, sai dai ta gyaɗa kai ko ta yi nuni da ido. In jirgi ya yi kuka sai ta toshe kunnuwa. Yashin zaure yana nan da lissafin da kuka bari, ta hana kowa sharewa, kaji ma korarsu take yi. Na ɗauko ƙamus na ajiye kusa da ita, ta juya masa baya. Ni ba ni da abin da zan koya mata, Kawu. Abin da na sani ta wuce shi tun tana shekara shida. Na zauna ina ganin abin da ka shekara uku kana ginawa zai rushe a hannuna.

Bayan sadakar bakwai Cindo ya zo gaisuwa, ya miƙo ambulan. Rubutun haɗe ne, ban iya karanta shi ba, dole na ba A'i. Malamin ya yi mana ta'aziyya, ya ce ya yi magana da wani hedimasta a Gumel, a kai ta bayan Salla za a gwada ta da takarda, a sa ta ajin da ya dace da kanta. Ta ajiye, ta ce, “Ba inda za ni.” Kalmarta ta farko ke nan cikin kwana goma.

Amma akwai wata takardar a ciki. Malamin ya dawo da wasiƙarka, ya ce yarinyar ta fi shi cancantar riƙe ta. Ta gane hannunka. Ta karanta a hankali: “Abin da ke kaina ya ƙare, na juye mata duka. Yanzu ita ke koya mini. Ina jin daɗin hakan, amma ba don jin daɗina Allah ya ba ta wannan kai ba. Ka taimake ni ta tafi tun ina iya cewa ta tafi.”

Ta naɗe takardar. Ta tashi ta shiga zaure, ta tsaya gaban buzunka da har yau ba mu ɗauke ba. Ina leƙe ta bakin ƙofa. Ta ɗaga hannu ta saman kai ta kama kunnenta sosai, ta ce, “Kaka, ya kai.” Sannan ta ɗauko tsintsiya ta share yashin da kanta.

Bayan Salla zan kai ta Gumel, za ta zauna gidan ɗanka Ya'u. Zan dawo zaure babu kai babu ita. Har yanzu in jirgin Nguru ya taho nakan tsaya da daka in saurara, siriri sannan kauri, in ji kamar zan ji sandarka a bakin ƙofa.

Ya Allah ka jiƙan Kawu Haladu, ka yafe masa kurakuransa, har da shekarar nan guda da ya ce ya ci. Ka haskaka kabarinsa, ka sa kowane harafi da ya zana a yashi ya zama masa sadaka mai gudana, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa Inna Mairo, da 'ya'yansa Ya'u da Ubale, da abokan aikinsa na tasha, da ɗalibarsa guda ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.