Yadda Surukina Ya Sa wa Kwamfutata Albarka

Laraba: Kusada zuwa Kankiya

Ana sallame sallar asuba na saɓa jaka na fito. Rabi, mai ɗakina, ta biyo ni har zaure tana cewa in na dawo in biya ta wurin Baba. Ba sai ta faɗa ba. Wa ya isa ya ratsa garin surukinshi bai tsaya gaisuwa ba?

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar karatu. Ɗaukar ba ta da wuya, haɗawar ce aiki, wato yankewa da jerawa da sa sauti, kuma wannan sai da kwamfuta mai ƙarfi. Tsohuwar tawa ta mutu tun cikin damina, ayyukan mutane suka taru a hannuna. Surukina Alhaji Mamman, babban mai sayar da hatsi ne a Kankiya, bai taɓa ɗaukar abin da nake yi a matsayin sana'a ba. Sai ya aiko yayan Rabi da saƙo: in aka gama kaka shagona bai tashi ba, in dawo Kankiya in riƙe mashi awo. Ba da mugunta ya faɗa ba, ɗiyarshi yake ji. Amma ni na san ranar da na ɗauki tiya, na ajiye kyamara ke nan har abada. Shi ya sa na sayar da mashin ɗina da geron da na noma, na ƙudura in sayo kayan kwamfuta ɗai-ɗai in haɗa da kaina, don haɗaɗɗiya mai irin ƙarfin da nake so ta fi ƙarfin aljihuna.

Ɗan acaɓa ya ɗauke ni. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran tata ranar, matan Fulani kuma sun fara fitowa da ƙoren nono. Sau biyu muka tsaya shanu suka ƙetare. Rana na leƙowa muka shiga tashar Kankiya. Na sha shayi da burodi a tsaye, na shiga ƙaramar mota, mu biyu a kujerar gaba, ƙafata ɗaya a kan giya.

Direban ya ce, "Malam, ɗage gwiwa in sa ta uku."

Haka na yi ta ɗage gwiwa har Bici.

Kano, kasuwar kayan kwamfuta

Wajen ƙarfe goma na isa. Shagon da aka kwatanta mani na wani Auwalu ne, ɗan siriri mai tabarau, bakinshi ba ya hutawa. Na karanto mashi abin da nake so daga wayata, ina jin kaina. Da ya faɗi farashin katin hoto, wato abin da ke sa bidiyo ya yi gudu, sai da na nemi benci na zauna. Abin da na gani a waya watan jiya ya kusa ninkawa. Na ce ko dai kuɗin duka kayan ya faɗa? Ya ce a'a, katin kaɗai.

Ya dube ni ya ce, "Tsaya tukuna, Bakatsine. Wace irin wuta gare ka a gida?"

Na ce sola ce, faifai biyu da batir ɗaya da 'yar inbata. Wutar gwamnati kuwa baƙuwa ce a wurinmu, in ta zo ma ba ta kwana.

"To ko kyauta na ba ka katin nan, kana kunnawa inbatarka za ta yi kuka ta ɗauke."

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Wata biyu ina kallon yadda Turawa ke haɗa kwamfuta, ba wanda ya taɓa maganar wuta a cikinsu, don su ba damuwarsu ba ce. Muka zauna muka sake lissafi daga tushe. Muka bar katin, muka ɗauki firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, irin wadda ke da nata katin hoton a ciki, ba ta cin wuta sosai. Ya so ya ba ni ram, wato abin da ke riƙe aikin da ake cikin yi, guda ɗaya babba, na ce a'a, biyu nake so masu giga takwas-takwas, don biyu sun fi ɗaya sauri. Ya ce to ashe ba a banza na ƙona data ba. A kan akwatin wuta kuma, wato abin da ke raba wa kayan lantarki, shi ya yi gaskiya. Na miƙa hannu ga mai arha, ya ɗora mani shi a tafi tare da mai tsada, na ji na farkon kamar gwangwanin madara babu komai ciki. Ya ce irinshi in ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Na haƙura da akwatin kwamfuta mai fitilu ja da kore da na daɗe ina mafarki, na ɗauki baƙi mara ado, rarar ta tafi kan akwatin wuta na kirki da ma'ajiya mai sauri.

Saura madabod, faifan da duk sauran kayan ke hawa kai. Sabo ya gagare ni, na ɗauki ɗan Beljiyam mai tsabta. Auwalu ya haɗa komai a kan tebur a gabana, allo ya kawo, muka gwada har na gamsu. Sai na ce ya warware mani su kowa ya koma kwalinshi, don ina so in ɗauki bidiyon kaina ina haɗawa daga farko, mutanen Kusada su gani. Ya cire firosesar, ya nuna mani gurbinta. Wasu 'yan allurai ne jere reras, sun fi gashin jariri siranta. Murfin gurbin ya ɓata tun a can inda aka kawo shi, sai ya yanki kwali ya rufe, ya manne da salatif.

"Ka ga nan? Ko ƙuda kada ya sauka. In suka lanƙwashe, ba ni ba kai."

Na kwana a Kurna wurin wani ɗan ƙanen babana. Tuwon shinkafa da miyar taushe aka kawo, na ci da hannu ɗaya, ɗayan yana kan kwali.

Alhamis: hanyar dawowa

Kujera biyu na biya, ɗaya tawa ɗaya ta kwali. Direba ya ce a sa a but tare da buhunan albasa, na ce sai dai ni a sa ni a but. Bayan Tsanyawa aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya leƙo ya tambayi abin da ke ciki, na ce kwamfuta ce ba a haɗa ba. Na buɗe, na nuna mashi rasit. Ya kai hannu zai ɗauki madabod.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kalla dai da ido, ba a taɓawa."

Mutanen mota duk suka zubo mani ido. Shi kuwa ya yi dariya ya ce mu wuce. Wata tsohuwa a baya ta ce ɗan nan ba ka da tsoro. Muka wuce Yashe ina ta hura hanci.

Kankiya, zauren Baba

Bayan azahar na sauka, na sayi lemu da burodi na tsaraba. Na iske Baba a zaure bisa buzu, da abokan hirarshi biyu. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa, kaina a ƙasa, muka gaisa. Shekara shida ina auren ɗiyarshi, ban taɓa haɗa ido da shi ba, maganarmu kuma ba ta wuce lafiya lau.

Sai na ji ya ce, "Wanga kwali hwa? Ita ce na'urar?"

Murna ta kama ni. Bai taɓa tambayar komai game da aikina ba sai ranar. Kuma kowa ya san in ka yi sabon abu, babba ake kai wa ya riƙa ya sa albarka, ko keke ne ko ɗan akuya.

Na yi dabara na fiddo baƙin akwatin na tura gabanshi. Ya ƙwanƙwasa ya ce wannan ai gwangwani ne, ina abin da ke yin tunanin? Na miƙa madabod da hannu biyu, a cikin ledarshi, ina fata ya tsaya nan. Ya zare ledar. Ya juya shi gaba da baya, ya nuna wa abokanshi ya ce su duba, kamar gari aka zana, ga tituna ga gidaje. Sai idonshi ya kai kan kwalin da aka manne. Ya sa farce ya ɓamɓare.

Na so in hana shi. Ta yaya zan ce wa surukina bari, a gaban baƙinshi?

"Ashe ƙura ta shige mata nan," in ji shi.

Ya sa babban yatsa, yatsan da ya shekara arba'in yana murza ƙwayar dawa, ya goge gurbin. Ya sake gogewa. Na ji 'yar ƙara siririya, na ji ta har cikin haƙorana. Sannan ya ɗaga faifan kusa da bakinshi, ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa sau uku.

"Allah ya sa a ci arziki da ita. Allah ya sa ta riƙe ka da iyalinka."

Abokanshi suka ce amin. Ni ma na ce amin. Ni da na hana mai bindiga taɓawa ɗazu, ga ni durƙushe ina godiya. Aka kawo fura, na sha ban san ɗanɗanonta ba.

Juma'a: Kusada

Ban iya dubawa ba sai da gari ya waye. Na fito da shi tsakar gida cikin haske. Alluran sun kwanta gefe guda kamar geron da iska ta bi ta kai. Na ari allurar ɗinkin Rabi na zauna ina tayar da su ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe numfashi. Biyu suka karye. Duk da haka na haɗa, na kunna. Fanka ta juya ta tsaya, allo baƙi ƙirin. Na buga wa Auwalu. Ya yi salati, ya ce ya tausaya mani, amma na san abin da muka yi da shi.

Na zauna a ƙasa. Babu mashin, babu gero, babu kwamfuta, ga kaka ta zo ƙarshe. Tsoro ne ya kama ni sosai, har na fara ganin kaina a bakin buhu da tiya.

Rabi ta tsaya a kaina ta ce, "Wa ya taɓa shi?"

Na duƙa na hau kwance wayoyin kwamfutar.

"Jiya ka ce mani Baba ya sa albarka. Da hannu ya sa?"

Na ce, "Kada ki kuskura ya ji."

"Kai ne surukinshi. Ni autarshi ce, gemunshi ma na ja ina ƙarama."

Ta ɗauki waya ta shige ɗaki. Na sa takalmi na gudu masallaci tun ba a yi kiran farko ba.

Asabar: baƙo a zaure

Da hantsi aka yi sallama. Na fito na ga Baba tsaye a zaurena. Tun da aka kawo Rabi bai taɓa taka gidan nan ba, kuma ba a sa ran ya taka, mu a wurinmu uba ba ya bin ɗiya gidan miji haka kawai. Hannuwanshi biyu na goye a baya. Na zube, ya ce in tashi. Bango yake kallo, ni ina kallon ƙasa.

"Rabi ta ce na yi ɓarna."

"A'a Baba, ba komai, dama can..."

"Bari. Da ɗan cikina ne, da ya riƙe mani hannu."

Ban taɓa tunanin zan ga ranar da Alhaji Mamman zai ji kunyata ba, sai na ji dama ƙasa ta tsage in shige. Ya ce gobe motar hatsinshi za ta Dawanau, in bi ta, ya ba direba kuɗi ya yi mashi bayani, in sayo irin wanda ya kashe. Maganar awo kuma a bar ta. Ko ruwa bai sha ba ya juya. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"In kun dawo ku wuce Kusada kai tsaye. Gaisuwar na yafe."

Lahadi: Kano da dawowa gida

A gaban babbar mota na tafi, buhunan dawa a bayanmu. Wannan karon na bar Auwalu ya ɗora firosesar ya kulle ta a gurbinta, bidiyon haɗawa kuma na yafe shi. Da la'asar sakaliya muka shigo Kankiya. Hanya ta gaban shagon Baba ta bi, direba ya rage gudu ya dube ni.

"A tsaya?"

Na ce ya wuce. Baba na zaune a bakin shago. Da ya hango mu sai ya ɗaga tafukanshi biyu sama daga inda yake, ya shafa a fuska. Na sunkuyar da kai a cikin mota, hawaye suka zubo mani a kan kwali.

Kafin magariba na iso gida lafiya. Na haɗa, na yi bisimilla, na danna. Allo ya kawo haske, Rabi ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. A kan na'urar nake rubuta wannan.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni sau biyu. Na gode wa Auwalu da ya hana ni sayen abin da wutata ba ta ɗauka, na gode wa Rabi da bakinta. Baba kuwa har yau ban iya ɗaga ido na gode mashi ba, shi ma bai sake tayar da zancen ba. Sai dai shekaranjiya ya aiko yayan Rabi ya tambaye ni nawa nake ɗaukar bidiyon suna, an yi mashi jika.