Kwallin da na sa a hanyar Madawa

Shin ɓoye wa yaro mutuwa tausayi ne ko zalunci? Na je Madawa na dawo, har yau ban sani ba.

Mun bar Karofane da asuba, ni da ɗan ƙanena, kwana kaɗan bayan na fita takaba. Jikana nake son gani, ɗan 'yata da ta yi aure a Najeriya, wanda ni da Malam mijina muka rena. Ya shiga makarantar sojan ruwa can bakin teku, yaron da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba.

Ku iyayen da 'ya'yanku ke son aikin nan, ku ji dokarsu. A bakin ƙofa ake karɓe waya. Ba ziyara, ba hutu. Wanda ya fita kafin a gama, ko jana'iza ce, ya fita ke nan. Sai horo ya yi nisa ake ba su rana guda su kira gida. Malam ya rasu yaron bai daɗe da shiga ba, dangi kuwa suka ce a yi shiru.

Hanyar Buza duwatsu ne da ramuka. Motar ta ɗauki buhunan albasa, da akuya biyu, da mu. Kuɗin mota jaka biyu, ban da ciwon baya. Wata mata daga Tabotaki ta ba ni fura, ta ce kowa a motar kuka yake, amma nasu na albasa ne. Na yi dariya, ta farko tun rasuwar.

Da muka hau kwalta na ari kwalli a wurinta. Wayar da za a kira mai nuna fuska ce, shi ya sa sai Madawa, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke da ƙarfi. Yaron nan ya san idona. In ya gan shi fari, zai gane. Na sa kwallin, na mayar mata da abinta.

A gidan ƙanena muka jira har bayan la'asar. An kawo kilishi, ban iya ci ba. Sai ga jikana cikin gilashin wayar, kai a aske, wuya ya zama kamar kara.

"Amaryata, wa kinka yi ma kwalliya?" ya ce. "Ina tsohon nan da ya ƙwace min mata? Ba shi, in ji ko ya shirya sakinki."

"Bai samu zuwa ba, angona."

"Tsoro ya ji. Ki ce mishi na iya ninƙaya. In an yaye mu bayan girbi, shi za ya maƙala min alama a kafaɗa."

Na buɗe baki. Sai na ji usur a bayansa, ya miƙe, gilashin ya yi baƙi.

Washegari muka dawo. Na koyi cewa dokar soja har iyaye take ɗaurewa, ko da ba su sa kaki ba. Na shiga ɗaki na wanke idona, na zauna inda Malam ya yi jinya. A nan ne, kafin ya rasu, ya riƙe hannuna yana cewa:

"Ranar da yaron za ya kira, ki tashe ni da wuri, kada mota ta bar mu."