Fatar Wuyan Yayana

Yayana ya yi karatun likita a wata ƙasa ta ƙanƙara. Da ya dawo Goronyo ya zo da wata fata mai gashi da ake naɗawa a wuya. Fatar wata 'yar dabba ce mai kama da tunku, can suna ce mata martin. Shi ya gaya mana iri-iri ce: akwai mai farin maƙogwaro, gashinta da ɗan kaushi, akwai mai rawayan maƙogwaro, sai baƙa-baƙa wadda masu hali ke ɗinka hula da wuyan riga da ita. Tasa mai rawayan ce. In ka hura gashin sai ya buɗe, ya sake rufewa. Mun sha yi masa dariya, mutum yana zufa a bakin dam yana ajiyar kayan sanyi.

Bayan rasuwarsa matarsa ta adana ta a ƙasan akwati, har ƙyallen da aka yi mata shafi da shi ya zagwanye. Ta roƙe ni in kai a sake shi, don ita kaɗai ce abin da ya rage mata na kayan jikinsa. Na ce ta kwantar da hankalinta, na san wani dattijon baduku a Wurno, ba a kama hannunsa a ɗinkin fata.

Na yi masa bayani dalla-dalla: shafi kawai, ƙyalle baƙi. Ya murza fatar, ya shinshina, ya taɓe baki, ya ce in dawo wata kasuwar.

Na dawo, ya ce tana wurin majemi. Na tambaye shi wa ya ce a kai ta can, sai ya hau yi mini wa'azi. Wai ya ga an yi mata rabin aiki ne, shi kuwa ba ya sa allurarsa a fatar da ba a gama jemewa ba. A wurinsa fata mai gashi buzu ce kawai, wannan ko ba ta isa goshi ba balle a yi salla a kanta.

Na hau babur na nufi majema raina a ɓace. Na makara. An riga an jiƙa ta a ruwan toka, an kankare ta tas, an tsoma ta a bagaruwa. Na tarar da ita a shanye tsakanin fatun awaki, 'yar tsurut, ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Gashin yana cikin kwata tare da na awakin gari.

Abin da ya fi ƙona mini rai, badukun bai ga laifinsa ba. Da na koma masa da ita ina huci, ya karɓa, ya dube ni yana mamaki.

"To mi kuma, ɗana? Wagga fata yanzu ta zan fata. Ko gidan laya kaka so, sai in yi maka."

Sa'an mahaifina ne, ba halin in zage shi. Na haɗiye, na karɓi abata.

Na daɗe ina kewaya unguwar matar yayana kafin in iya shiga. Na miƙa mata, na faɗi yadda aka yi. Ta juya ta gaba da baya, ta shafa da yatsa, ba ta yi mini faɗa ba. Sai ta mayar mini da ita a hannu.

"Riƙe ta wurinka, Malam. Wagga ba tashi ba ce."